Yadda Muka Sayi A-kori-kura a Jimeta

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko masara daga gonarmu ta Girei zuwa kasuwar Jimeta ya fara cinye ribar. Mu uku, wa da ƙanne, muka yanke shawarar sayen a-kori-kura ta hannu.

Bashin banki ba mu ko taɓa shi ba, saboda kuɗin ruwa. Muka haɗa kwasar adashi biyu, muka sayar da bijimai biyu, kawunmu ya ranta mana cikon zuwa kaka.

Motar farko da dillali ya nuna mana Hilux ce, fenti sai ƙyalli. Har mun fara ciniki, sai makanikenmu ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana girgiza kai. Tsatsa ta cinye ƙasan, inji kuma na shan baƙin mai. Da mun biya, da bijiman sun tafi a banza. Ashe dai araha ba ta ado.

Bayan mako uku muka samu wata a Yola, jikinta duk lotsa, amma inji da giya lafiya lau. Muka gwada ta da kaya har Numan, muka duba lambar jikinta ta yi daidai da takardu, aka rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

'Yan'uwa, kada ku zuba duk kuɗinku a farashi. La'ada, tayoyi da sauya takardu suna nan suna jira. Mu saura kashi ɗaya mu gama biyan Kawu, in Allah Ya yarda.