Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini A Shekarar Korona

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah da Ya sauke ni lafiya. Bayan Shi, akwai bayinSa da suka riƙe ni a 2020, ina ɗauke da cikin fari a Kano, kuma ya kamata jama'a su san alherinsu.

A watan Afrilu aka kulle Kano, azumi ya same mu a cikin gida, kullum sai an sanar da rasuwar wani dattijo. An hana tafiya tsakanin jihohi, don haka goyon cikin da na sa rai a gaban mahaifiyata a Katsina bai yiwu ba. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, gabana ya riƙa faɗuwa dare da rana. Tsoron kwaso cuta ya raba ni da awo, kunyar cikin fari kuma ta rufe mini baki.

Sista, ke ce ta farko. Da kika ga ba na zuwa, kika nemo lambata a kati kika kira ni. Ranar da na zo, ba ki tsaya kan awon jini da sauraren bugun zuciyar jariri kawai ba. Kin tambaye ni ko ina barci, ko ina kuka, ko akwai abin da ke faranta mini rai. Sannan kika ce, "Ƙanwata, wannan ciwo ne, kuma yana da magani." Kin bayyana mini cewa damuwa mai tsanani kan hana mai ciki ci da hutu da shan maganin ƙarin jini, tana kuma ƙara haɗarin haihuwar bakwaini kafin mako 37, ko jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. Kika haɗa ni da likitan da ya riƙa sauraro na har hankalina ya kwanta. Allah Ya saka muku da Aljanna.

Daga baya na fahimci muna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mata 10 cikin 100 na fama da irin wannan lalura suna da ciki, a ƙasashe masu tasowa kuwa sun kusa 16. A 2022 ta sanar cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko ta annobar. Ƙalilan ne daga cikinmu suka dace da mai tambayarsu.

Hajiya, surukata, kin baro ɗakinki kin tare a wurina. Ko sau ɗaya ba ki ce iska ce ko raunin tawakkali ba. Kina tofa mini addu'a da asuba, da hantsi kina tuna mini ranar asibiti. Kin zame mini uwa lokacin da hanya ta raba ni da tawa.

Maigida, kasuwa a rufe, aljihu ba nauyi, amma ba ka taɓa ce mini na cika raki ba. Maƙwabciyata kuma, kwanon kunun da kike miƙo mini ta kan katanga ya sha zama abin da kaɗai na iya ci a yini. Allah Ya bar zumunci.

Cikina ya cika watanninsa, na haifi 'ya mace da cikakken nauyi, aka raɗa suna ba taro. Yau tana zuwa makaranta.

Roƙona ga magidanta da surukai da ma'aikatan lafiya: idan mai ciki ta yi shiru, ta daina ci, ta daina barci, kada a ce laulayi ne kawai. A zauna a tambaye ta, a raka ta asibiti, domin rai biyu ake ceto.