Maranello: Garin da Ake Kaɗa Ƙararrawa Saboda Mota

Duk wanda ya kalli fim ɗin Ferrari na 2023, inda Adam Driver ya fito a matsayin Enzo Ferrari, ya ga birnin Modena na ƙasar Italiya. Kamar kilomita 18 daga nan akwai Maranello, ɗan gari mai mutane wajen 17,000. Nan Enzo ya maido masana'antarsa a 1943, nan kuma motar farko mai sunansa ta fito a 1947.

Garin kam na mota ne. Ranar da Ferrari ta ci tseren Formula 1, har ƙararrawar coci ake kaɗawa. A gefen gari akwai filin gwaji na Fiorano da aka gina a 1972; in ana gwaji, sai ka ga jama'a a bakin shinge suna leƙe.

Wannan rugugin ne ke jawo ɗaliban injiniya daga ƙasashe daban-daban neman gurbin koyon aiki. Sai dai fa abin ba kamar na fim ba ne. Da wuya ɗalibi ya taɓa sitiyari. Yini zai yi gaban kwamfuta yana lissafin yadda iska ke bin jikin mota, ko yana duba zafin birki. Ga masu nema rututu, ga biza, ga Italiyanci da sai da shi a kasuwa da wajen neman haya.

A 2017 jami'o'in yankin suka haɗa gwiwa da Ferrari, Lamborghini, Ducati da sauransu suka kafa MUNER, inda ake digiri na biyu da Turanci. Don haka mai son tsere ya fara riƙe lissafi da kyau tukuna.