Na ƙasa ma yana da ganuwa

A filin kokowar gargajiya ta Nijar shari'a gajera ce. Tun daga gasar Takobi ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya cinye, da zarar bayan ɗan kokowa ya taɓa rairayi, alƙali ya busa, makaɗa su juya kiɗa, magana ta ƙare. Da wannan shari'a muka tashi har ta shige mana harshe. Mukan ce ciwo ya kayar da wane, talauci ya kai shi ƙasa, ba mu cika tambayar abin da ya yi bayan faɗuwar ba.

Akwai wata kokowa da ke kallon faɗuwa da wani ido, ita ce jiu-jitsu ta Birazil. Mitsuyo Maeda, gwanin judo ɗan Japan, ya isa Birazil a 1914, ya koyar da Carlos Gracie a birnin Belem. Gidan Gracie suka raini wannan ilimi, har a 1993 Royce, ɗan Helio Gracie, ya cinye gasar UFC ta farko a Denver ta Amurka, a gaban ƙartin da suka fi shi nauyi.

Ginshiƙin wasan shi ne abin da Faransanci ke kira garde. Mutum yana kwance rigingine, ya sa ƙafafunsa tsakaninsa da abokin karawa: ko ya sarƙe su a ƙugunsa, ko ya dafa masa tafin ƙafa a kwatangwalo yana riƙe da hannun rigarsa. Daga nan yana iya birkice shi ya hau sama, ko ya shaƙe shi da cinyoyi har ya bubbuga hannu alamar sallamawa. Shi kuwa na sama dole ya miƙe gadon baya, ya ɓamɓare riƙon, sannan ya danne cinya ɗaya da gwiwa ya zame, ko ya kama wando ya watsar da ƙafafun gefe ya kewaye su. A dokar hukumar IBJJF, wanda ya wuce ƙafafu ya danne na daƙiƙa 3 yana da maki 3. Kayarwa kuwa, wadda ke ba mutum takobi a wurinmu, maki 2 ce kacal.

Ɗalibaina, da ke kallon wasan a waya, sun nemi sunan wannan garde da Hausa. Garkuwa ba ta yi mini ba, don karewa kawai take yi. Shinge kuma ba a yaƙi daga bayansa. Sai na zaɓi ganuwa, irin wadda ta kewaye Birnin Damagaram: tana da ƙofofi, ana tsare ta, ana kuma harbi daga kanta. Na ƙasa yana tsaron ganuwa, na sama yana neman ƙetare ta.

Ba na fatan a taɓa shari'ar kokowarmu, kyanta yana cikin tsayuwa. Amma da kalma ɗaya muke cewa ɗan kokowa ya faɗi, ɗalibi ma ya faɗi jarrabawa, kuma kowace shekara ina ganin yaran da suka ɗauka an busa musu ke nan, ba su sake komowa aji ba. Saboda su nake son kalmar ganuwa ta zauna a bakin ajina.