Wasiƙa daga Dutse Uku: Maganar Ƙasar Tukunya

Dutse Uku,
Jos, Najeriya.

Yaya,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyi. Garin nan bisa tudu yake, tsayinsa ya kai mita 1,200, ruwan da ake samu a damina ɗaya kuwa ya kusa ninka na Maradi sau uku. Shi ya sa fure ke yi a nan, har fure mai ƙaya da Turawa ke ji da shi.

Ka tambaye ni aikin da nake yi. Ina wurin wani mai lambun furanni ne, muna zuba ƙasa a baƙaƙen leda da tukwane. Da na zo na ga ana sayar da ƙariya a tukunya, dariya ta kama ni. Ƙariyar da ko akuya ba ta kulawa a dajinmu! A nan kuɗi ce, kuma ita ta fi ba mu wahala. In aka dasa ta a jar ƙasar Jos zalla, ruwan Agusta ya kwanta a tukunyar, gindin ya yi laushi ya ruɓe, ka danna da yatsa ya lotsa. Sai an zuba mata yashi mai yawa da ɓarbashin gawayi, an huda gindin tukunyar, sannan ta yarda ta yi fure.

Sauran furannin, maigidana baƙar ƙasa yake haɗa musu da yashi da busasshen kashin shanu wanda ya kwana biyu. Ɗanyen kashin kaji ba ya barin a kusanta da shi, don yana ƙona saiwa. Ko ya ruɓe ma, in ya yi yawa sai ganye ya yi kore shar, ya bunƙasa, fure kuwa shiru. Masu saye da yawa ganyen ke ruɗarsu. Garin katako ɗanye shi kuma janye abincin ƙasa yake yi, ganye ya koma rawaya.

To, batun tukwanen da kake son jerawa a ƙofar shago, kada ka kwaikwayi haɗinmu. Mu gudun ruwa muke, ku nemansa kuke. Rairayin Maradi ba ya riƙe laima, don haka ka rage shi, ka ƙara taki ruɓaɓɓe da ɗan laka daga bakin Gulbin Maradi, ka rufe saman da ƙaiƙayi. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba a zafinku. Ka fara da ƙariya, ita ba za ta ba ka kunya ba.

A gaishe da Inna, a ce mata na sayi bargo.

Wassalam,
Ƙanenka.