Otal a Littattafanmu: Ina Labarin Yayana?

Tun ina 'yar sakandare nake karanta littattafan soyayya, irin waɗanda muke haya a shago mu ɓoye cikin littafin lissafi. A cikinsu na fara sanin Abuja, kuma ta ƙofar otal na shige ta. Da marubuci ya so nuna Alhaji ya yi kuɗi, ko yarinya ta lalace, sai ya kwashe su daga Kano ya kai su Hilton. Shi ke nan, mai karatu ya gane sauran.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A labaran da, baƙo zauren malam yake sauka, ko gidan fatoma, inda kowa ke ganin shigarsa da fitarsa. Otal kuwa ɗaki ne da makulli, ba maƙwabci, ba mai unguwa. Nan ne kawai marubuci zai iya keɓe mutum biyu da al'ada ta hana su keɓewa.

To amma shi wannan Hilton na Maitama, da aka buɗe a 1987, tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a 1991, ɗakunansa sun haura 600. Wa ke share su? Wa ke dafa abincin? Ban taɓa karanta labarinsu ba.

Yayana na cikin irin waɗannan mutane. Wanki da guga yake yi a wani otal a Wuse, kuma da guminsa nake biyan kuɗin rajista. Da ya je neman aure a garinmu, sai aka aiko mana cewa ba a ba ɗan otal 'ya. Ba wanda ya binciki halinsa.

Na ziyarce shi lokacin hutu. Abin da na gani shi ne malamai masu taron bita, da tsoho da aka kawo asibiti, da ma'aikata sun jeru sahu a bayan kicin suna sallar La'asar. Ban ce ba a ɓarna ba, amma ai a gidaje ma ana yi.

'Yan uwana ɗalibai, cikinmu marubutan gobe za su fito. Alƙalami ya fi takobi kaifi, kuma ni na ga wanda ya yanka. In za ku kai labari otal, ku leƙa ɗakin wanki. Allah ya sa mu gyara.