Idan Baki Ya Riga Murya

Ɗalibin da ke koyon Hausa ta kallon fim ko hira a kwamfuta, da ido yake saurare kamar yadda yake yi da kunne. Harry McGurk da John MacDonald sun nuna haka a 1976: an ɗora muryar da ke cewa "ba" a kan fuskar da ke furta "ga", sai mutane da yawa suka ji "da". Ke nan idan murya ta saɓa wa motsin leɓe, ɗalibi na iya riƙe lafazin da ba wanda ya furta.

Kafin magani sai an san ciwo. Ɗalibi ya nemi kalma mai b, ɓ ko m, kamar "mamaki" ko "ɓarawo", domin a kansu leɓɓa ke haɗuwa a fili. Ya lura ko sautin ya zo tare da buɗewar baki, a farkon bidiyon da kuma ƙarshensa.

Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, gyaran mai sauƙi ne. Sau da yawa abin sauraro na Bluetooth ne ke jinkirta sauti, kuma da an sauya shi da mai waya magana ta ƙare. In ba shi ba ne, manhajar VLC a Windows tana da maɓallai biyu: K na jinkirta murya, J na gaggauta ta. Kowace dannawa tana matsar da ita kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa.

Amma idan tazarar na ƙaruwa yayin da fim ke tafiya, maɓallan ba za su warkar ba. Wani lokaci an haɗa hoto mai gudun firam 25 a daƙiƙa da sautin da aka tsara wa 23.976, abin da ke haifar da saɓanin kusan minti biyu da rabi cikin awa ɗaya. Nan sai neman wani kwafin. Wani lokaci kuma kwamfutar ce ta gaza ɗaukar nauyin hoton. Rufe sauran manhajoji ko rage inganci daga 1080 zuwa 480 kan wadatar.

Wanda ya ƙyale saɓanin, sannu a hankali zai daina kallon bakin mai magana, alhali a nan ne rabin darasin furuci yake.