Bayan an saki tantabaru

'Yar uwa, kin taɓa kallon bikin ranar 15 ga Janairu a talabijin? Manyan ƙasa su taru a Abuja, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru don tunawa da 'yan mazan jiya. An zaɓi ranar ne saboda a irinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Da can canza tasha nake yi. Yanzu kuwa ƙanwata nake kira.

Mijinta kofur ne, igiya biyu, a Borno ya rasu. Sunansa bai shiga jarida ba kamar na Laftanar Kanar Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a 2016, amma ƙasa ɗaya suka tsare. Allah Ya jiƙansu duka.

Kin san yadda ta ji labarin? Tana tsaka da tuƙa tuwon dare wata baiwar Allah ta turo hotunan gawarwakin sojoji a zauren WhatsApp na matan unguwa, wai a yi ta turawa a yi musu addu'a. Ta zoben azurfar hannunsa ta gane shi. Har yau ba na jin matar ta yi da mugunta. Ni ma na sha tura irinsu kafin ranar. Don Allah idan irin hoton nan ya shigo wayarki, ki yi addu'arki ki goge.

Kwana uku gida ya cika maƙil. Kafin ta fita takaba ƙafa ta ɗauke, har tawa. Ta kwaso yara uku daga bariki ta dawo ɗakin Inna tana suyar awara, ni kuwa ina aika mata saƙon “Juma'a Mubarak” ina ganin na yi zumunci. Sai da na yi wata shida ban leƙa ba.

Ranar da na je, babban ɗanta, ɗan shekara takwas, ya ja ni bayan ɗaki. “Umma Babba, wai da gaske gudu Abba ya yi aka harbe shi?” Yara ne suka faɗa masa a makaranta, kuma ya kasa tambayar uwarsa don kada ta yi kuka.

Na zaunar da shi na ce ƙarya ne. Na ba shi labarin ubansa har aka kira magariba. Asabar mai zuwa ma can zan wuni, ya ce in zo masa da hoton Abba na ranar aure, wanda yake dariya.